Gona a Kan Bene: Darasi Daga Singafo

Singafo ƙaramar ƙasa ce ta tsibiri wadda ke sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje, domin filin da ta keɓe wa noma bai wuce kashi 1 cikin 100 na faɗinta ba. Ga kuma tsofaffi suna ƙara yawa, da yawansu kaɗaici na damunsu a gidajen bene. Shin gini guda zai iya rage waɗannan matsaloli biyu?

A shekarar 2017 aka kammala wani gini mai suna Kampung Admiralty, wanda kamfanin zanen gine-gine na WOHA ya tsara a kan filin da bai kai hekta ɗaya ba. Kalmar "kampung" da harshen Malay tana nufin ƙauye, kuma ƙauyen ne aka ɗora hawa bisa hawa. A ƙasa akwai dandali a buɗe ga kowa. Samansa akwai wurin masu sayar da abinci da asibiti. Can bisa kuwa akwai gidajen tsofaffi 104, da wurin renon yara, da lambun da mazauna ke nomawa tare. A 2018 ginin ya ci lambar gwarzon ginin shekara ta duniya.

Sai dai ɗora gona a kan rufi ba wasa ba ne. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 30 kan ɗora wa kowace murabba'in mita nauyin kusan rabin tan. Saboda haka tun daga harsashi injiniya zai sa wannan nauyi cikin lissafi. Dole kuma a shimfiɗa abin da zai hana ruwa da saiwa ratsa kankare, a bar wa rarar ruwa hanyar fita. Ladan wahalar shi ne, tsirrai na sanyaya ginin ta wurin inuwarsu da tururin da ganyensu ke fitarwa, ƙasar kuma na rage gudun ruwan sama.

Irin wannan lambu ba zai ciyar da birni ba. Hatsi sai da fili. Babban amfaninsa shi ne dalilin da yake ba dattijo na fitowa daga ɗaki ya yi ban ruwa, ya gaisa da maƙwabci, yara su ga yadda iri ke tsiro. Ɗalibin da ke sha'awar zanen gini ya riƙe wannan: wurin shuka da wurin haɗuwar jama'a, tun a kan takarda ake keɓe su.