Jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, da ranar da ya tsaya a gaɓar Takoradi



Tun watan Oktoba na 2023 da yaƙin Gaza ya ɓarke, mun sha ji a rediyo ana cewa Amurka ta tura jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi zuwa Bahar Rum ko Bahar Maliya. Ɗalibanmu na Zango suna jin sunan, amma da yawansu suna ɗaukarsa labarin nesa ne da bai shafe mu ba. Alhali irin wannan jirgi ya tsaya a gaɓar ƙasar nan tamu fiye da sau ɗaya, kuma jiragen saman da ya kawo ta Kano suka bi suka tafi fagen fama. Bari mu fara sanin ko mene ne shi.

Filin jirgin sama ne da aka ɗora a kan jirgin ruwa. Mafi girma a yau shi ne na Amurka mai suna Gerald R. Ford, wanda ya fara aiki a 2017. Tsawonsa ya kai mita 333, wato filin ƙwallon Baba Yara uku a jere, nauyinsa kusan tan 100,000, kuma mutanen da ke kwana suna tashi a cikinsa sun haura 4,000. Gina shi ya ci kusan dala biliyan 13. Da makamashin nukiliya yake tafiya, don haka yana shekaru bai nemi mai ba, ko da yake jiragen da ke kansa suna shan mai, mutane kuma suna cin abinci, dole a riƙa kai musu a tsakiyar teku.

Duk da wannan tsawo, filin ya yi wa jirgin yaƙi na zamani kaɗan. Shi ya sa ake harba shi kamar da majaujawa: a ɗaura ƙafarsa ta gaba ga wata na'ura da ke cikin daɓen jirgin, ta fizge shi da ƙarfin tururi, ko da na maganaɗisu a sababbin jirage, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya kai gudun kusan kilomita 250 a awa. Sauka ta fi tashi wuya. Ana shimfiɗa igiyoyin ƙarfe uku ko huɗu a gicciye, jirgin kuma yana da ƙugiya a wutsiyarsa wadda dole ta kama ɗaya daga ciki. Da matuƙi ya taɓa daɓe sai ya ƙure wutar injin, domin idan ƙugiyar ta kuskure igiya ya samu ya sake tashi kafin ya faɗa ruwa. Haka ake yi dare da rana, jirgin ruwan yana tangaɗi.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Ely ne ya fara tashi da jirgin sama daga kan jirgin ruwa a 1910. A 1917 wani hafsan Ingila, Edwin Dunning, ya sauka a kan jirgin Furious yana cikin tafiya, bayan 'yan kwanaki kuma ya halaka a wurin sake gwadawa. A 1918 Ingila ta kammala Argus, na farko da samansa duka fili ne shimfiɗaɗɗe daga gaba har baya. Ku riƙe waɗannan sunaye biyu, Furious da Argus, domin su ne suka zo mana.

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Hitila. Ingila tana da runduna a Masar da ke matuƙar buƙatar jiragen sama, ga shi Bahar Rum ya zama tarko, zagayawa ta Afirka ta Kudu kuma tafiya ce ta makonni masu yawa. Sai suka tuna da tashar Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Dabarar ita ce a kawo jirage ta ruwa cikin akwatuna, a haɗa su a Takoradi, sannan su keta Afirka ta sama. Abu ɗaya ya rage: tsakanin Nijeriya da Sudan akwai Chadi, wadda ke hannun Faransa. A watan Agusta na 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana, ya bi De Gol ya juya wa gwamnatin Bishi baya, hanya ta buɗe. Nijar da Kwaddibuwa da Togo ta Faransa kuwa suka zauna a hannun Bishi, wato ƙasar nan tana kewaye da maƙwabtan da ba a amince da su ba.

A farkon Satumba na 1940 Argus ya iso Takoradi ɗauke da jiragen Hurricane, kafin ƙarshen watan kuma ayarin farko ya tashi. Furious ya biyo baya a Nuwamba, ya sake dawowa a Janairu da Maris na 1941. Yadda ake yi, jirgi ɗaya mai inji biyu, wanda ke da masanin hanya a ciki, shi ne madugu, ƙananan su bi shi a baya. Daga Takoradi sai Ikko, sai Kano, sai Maiduguri, a wuce ta Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Hartum, daga nan a bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ana yinta cikin kwana shida ko kusa da haka idan ƙurar hunturu ko hadari ba su tsare ba. Wasu sun ɓata a daji, waɗanda suka isa ma sai an sake duba injinsu saboda rairayi. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya, mafi yawansu jiragen kaya ne suka kawo su, amma a watannin farko da abin ya fi tsanani masu dakon nan ne suka toshe giɓi.

Duk wanda ya zauna da tsofaffin alhazai, da jin waɗannan garuruwa zai gane su. Hanyar hajjin ƙasa ce, wadda kakanninmu, Allah Ya jiƙan su, suke bi da ƙafa da jaki, su yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya kafin su kai Sawakin su tsallaka zuwa Jidda. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu tana Sudan har gobe. Abin da alhaji yake yi a shekaru, matuƙin Hurricane ya yi shi a mako guda, a kan zangon da ayari ya riga ya sani. A ƙasa kuma 'ya'yan Zango da na Arewa suna cikin rundunar Gwalkwas, mai hedikwata a nan Kumasi, wadda Hausa ce harshen barikinta, suka yi yaƙi a gabashin Afirka sannan a Bama.

Amurka ma ta zo. Ranar 10 ga Mayu 1942 jirginta Ranger ya tsaya a teku daura da Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, jiragen P-40 guda 68 suka tashi daga kansa suka sauka a tudu, aka nufi Indiya da Sin da su. Ranar 19 ga Yuli ya dawo da wasu 72, waɗannan kuma su ne suka bi ta Kano suka je suka yi yaƙin Alamain a Masar. Matuƙan sojan ƙasa ne, ba su saba da tashi daga kan ruwa ba. A daidai wannan lokaci, can a tekun Fasifik, an riga an ga abin da wannan makami ke iya yi: masu dako shida na Japan ne suka kai harin Pearl Harbor a Disamba 1941, a Yuni 1942 kuma Amurka ta nutsar da huɗu daga cikinsu a Midway. Tun daga nan ya karɓe sarautar teku daga jiragen manyan igwa.

To me ya sa har yanzu ake zuba masa wannan dukiya? A ganina amsar tana cikin kalma ɗaya, izini. Filin jirgi na tudu yana cikin ƙasar wani, mai ƙasa kuma yana iya cewa a'a. A 1940 Ingila ba ta nemi izinin kowa a Takoradi ko Kano ba, don ita ke mulki. Yau lamarin ya canza. Mun ga hayaniyar da aka yi a nan Ghana a Maris 2018, lokacin da majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro da Amurka, 'yan adawa suka fice daga zauren, jama'a suka yi zanga-zanga a Accra, gwamnati tana ta bayani cewa ba sansani za a kafa ba. Mun kuma ga Nijar ta sallami sojojin Amurka a 2024, suka bar sansanin jirage marasa matuƙa da suka gina a Agadas. Jirgin dako ba a iya yi masa haka. Dokar teku ta ba kowace ƙasa iko a kan mil 12 na ruwa daga gaɓarta, bayan nan jirgin yaƙin kowa yana iya yawo. Sai ya tsaya can inda ido ba ya kaiwa, jiragensa su tafi ɗaruruwan kilomitoci cikin tudu su dawo.

Shi ya sa ƙasashen da suke da shi 'yan kaɗan ne. Amurka tana da manya 11. Sin ta fara da wani tsohon gangar jirgi da ta saya daga Yukren, ta gyara shi ya zama Liaoning a 2012, yanzu tana gina nata da kanta. Ingila da Indiya suna da biyu-biyu, Faransa ɗaya. A ƙasashen Musulmi, Masar ta sayi biyu daga Faransa a 2015, amma masu saukar ungulu kawai suke ɗauka. Turkiyya ta bi wata hanya: da Amurka ta cire ta daga shirin jirgin F-35, sai ta mayar da jirginta Anadolu na dakon jirage marasa matuƙa, a Nuwamba 2024 kuma Bayraktar TB3 ya tashi daga kansa ya sauka lafiya.

Kada kuma girman ya ruɗe mu. Jirgin dako ba ya tafiya shi kaɗai, sai da rakiyar jiragen kakkaɓo makamai masu linzami da na ƙarƙashin teku, domin ransa guda ne, kuma mutum dubbai ne a ciki. Bahar Maliya, tekun da alhazanmu suke tsallakawa, ya nuna haka. Daga Nuwamba 2023 'yan Huthi na Yaman suka riƙa kai wa jiragen kasuwa hari, Amurka ta tura Eisenhower, daga baya Truman, ana harba makami mai tsadar gaske don a kaɓo jirgi maras matuƙi mai araha. Truman ya yi asarar jiragen F/A-18 uku a wannan zama: ɗaya jirgin rakiyarsa ne ya harbo shi bisa kuskure a Disamba 2024, biyu kuma suka faɗa ruwa a Afrilu da Mayu na 2025. Ba a nutsar da jirgin dako ko ɗaya ba, amma manyan kamfanonin jigilar kaya sun daɗe suna zagayawa ta Afirka ta Kudu, irin zagayen da Ingila ta guje wa a 1940, kuɗin dakon kaya kuma ya hau.

Filin da aka haɗa jiragen Hurricane a Takoradi yana nan, yanzu sansanin sojan saman Ghana ne. Kusa da shi, a Sekondi, sojan ruwanmu suke da sansani, da ƙananan jiragen sintiri da ke tsaron rijiyoyin mai, suna kuma bin 'yan fashin teku da masu satar kifi a mashigin Gini.