Natsume Yuujinchou: labarin iskoki mai sanyaya rai, amma mai jan ƙafa

Natsume Yuujinchou katun ne na Japan da aka fara haskawa a 2008, daga littafin Yuki Midorikawa, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Pacte des Yōkai. Natsume maraya ne mai ganin iskoki. Ya gaji kundin da kakarsa Reiko ta ɗaure sunayensu a ciki, yana mayar wa kowa nasa.

Ƙarfin shirin shi ne tausayi da raha, musamman daga Madara, gawurtaccen iska da ke yawo a siffar muzuru mai kwaɗayi. Rauninsa kuwa, labarin ba ya saurin gaba, kusan kowane kashi salonsa ɗaya. Mai neman faɗa zai ƙosa. Iyaye kuma su sani, Madara mashayi ne.