Yadda A Ke Yi Wa Jarkar Man Mota Fenti Da Alama

Idan kaka ta yi, motoci su kan shiga ƙauyuka kwasar gyaɗa da hatsi da auduga zuwa manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. Direban da ya saba da wannan aiki ya san ba ko'ina a ke samun gidan mai ba, saboda haka ba ya tashi sai da jarka biyu ko uku na guzuri. Mai noman rani kuma da jarka ya ke kai wa injin ban ruwa mai a fadama. To, jarkokin nan galibi kamarsu ɗaya, duk sun yi tsatsa, ba mai sanin abin da ke ciki sai ya buɗe ya sansana. Daga nan ɓarna ta ke farawa.

Yawancin manyan motoci da taraktoci man gas su ke sha, watau dizal. Man gas yana da santsi, shi ne ke shafe famfon mai da nozul na injin yayin da su ke aiki. Fetur ba shi da wannan santsi. In yaron mota ya kuskure da dare ya ɗura fetur a tankin gas, famfon ya kan ci kansa, gyaransa kuwa ya kan cinye ribar sawu da yawa. In gas aka zuba wa ƙaramin injin fetur, sai ya yi ta hayaƙi, fulogi ya jiƙe, ya ƙi tashi, shuka tana jiran ruwa. Mafi muni duka shi ne fetur ya shiga jarkar kananzir, a kai gida a zuba a risho ko fitila. An sha rasa rayuka ta wannan hanya. Maganin duk wannan gwangwanin fenti ne da burushi.

ASALIN JARKA

Jamusawa suka ƙirƙiro jarkar ƙarfe wajen 1937 domin sojansu. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, sojan Ingila da ke hamadar Masar da Libiya da garwa mai galan huɗu su ke ɗaukar mai, ita kuwa ba ta da ƙwari, mai da yawa ya kan tsiyaye a hanya. Da suka kama ta Jamusawa suka ga ingancinta, sai suka kwaikwaya. Suna yi wa Jamusawa laƙabi da Jeri, suka sa mata suna jerikan, Bahaushe ya ce jarka.

Tana cin lita 20, watau galan huɗu da rabi ba kaɗan. Cike da fetur nauyinta ya kan kusa kilo 20. Hannunta uku ne, don mutum ɗaya ya ɗauka ta tsakiya, ko mutum biyu su kama ta gefe. Kwarmin nan mai kamar gicciye da ke jikinta shi ke ƙara mata ƙarfi, ya kuma ba ƙarfen damar buɗawa in mai ya kumbura da zafi. Kada a ce za a bubbuge shi a daidaita.

ZAƁEN LAUNI

Ƙasashe ba su haɗu a kan launi ɗaya ba. A Amurka ja na fetur ne, rawaya na gas, shuɗi na kananzir. A Ingila kuwa kore na fetur ne, baƙi na gas. Saboda haka jarkar da aka sayo ta gwanjo, launinta ba shaida ba ne. Mai mota ya zaɓi tsari ɗaya ya tsaya a kai, ya sanar da direba da yara duka. Tsarin Amurka ya fi dacewa da ƙasar rana, don baƙin fenti yana jan zafi ƙwarai. Jarkar ruwa a yi mata fari, kuma wadda ta taɓa ɗaukar mai kada a sake zuba ruwan sha a cikinta har abada.

YADDA A KE AIKIN

Da farko a juye man sarai, a wanke cikin jarkar da ruwa da sabulu, a kife ta a inuwa baki a buɗe har ta bushe. Lalle a kiyaye wannan: jarkar da ba kome a ciki ta fi cikakkiya haɗari, gama tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa. Kada a ƙona tsohon fenti da wuta, kada a sa injin gurza ƙarfe mai tartsatsi, kada kuma a kai ta wurin mai walda. Jarkar da ta huje ta gama aikin ɗaukar mai.

Sa'an nan a kankare tsatsa da burushin waya da samfefa, musamman gindi da wurin haɗin ƙarfe, inda ruwa ke kwanciya. A goge da tsumma mai ɗan tina don maiƙo ya fita, domin fenti ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. A naɗe bakin jarka da robar murfi da takarda. In fenti ya hau wurin, murfi ba zai zauna daidai ba, kuma ɓarɓashinsa zai bi mai ya toshe matacin injin. Cikin jarka ba a yi masa fenti ko kaɗan, masu ƙira sun riga sun shafe shi da abin da mai ba ya ci.

Shafin farko a yi shi da jan fentin nan na hana tsatsa wanda a ke shafa wa ƙofofin ƙarfe. Bayan kwana ɗaya a bi da fentin mai na launin da aka zaɓa, shafi biyu marasa kauri, a bar kwana ɗaya tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri ya kan zubo, ya bushe a sama ciki da sauran danshi. A yi aikin a inuwa da safe, kafin iskar hunturu ta taso da ƙura. In an gama a ajiye ta kamar mako guda, don fetur yana narkar da sabon fenti.

RUBUTU DA ADO

Launi kaɗai ba ya isa, gama akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma da dare duk launi ɗaya ne. A yanke haruffa a jikin kwali, a ɗora a kan jarka, a daddanna fenti da soso: FETUR, ko GAS, ko KANANZIR, manya-manya, a gefe biyu. In yaran mota ajami su ke karantawa, a ƙara da ajami. Domin dare kuma a ɗaura igiya a hannun jarkar fetur kaɗai, ko a duhu hannu zai ji ta. A rubuta lambar mota da sunan mai ita a kafaɗar jarka, don wadda ke da suna ba ta cika ɓacewa a tasha ba.

Mai son ado ba a hana shi ba. Masu zanen mota sun iya fure da tsuntsu da karin magana, amma a gaya musu su tsaya a gefe, kada zane ya danne launin shaida ko ya rufe rubutu.

WURIN AJIYE TA A MOTA

A sa mai walda ya ƙera mata keji na ƙarfe a jikin mota, ya auna da tif, kada a kawo jarkar kusa da wutarsa. Kejin ya yi nisa da salansa da batir, a shimfiɗa masa tsohon tub don kada gogayya ta cinye fenti, a sa sarƙa da kwaɗo. Jarka a tsaye ta ke tafiya, a waje, ba a ɗakin direba ba, ba kuma a kan buhunan abinci ba, domin hatsin da ya ɗauki warin mai ya rasa mai saye.

Wajen cikawa a sauke ta ƙasa tukuna, musamman da hunturu, lokacin da ko riga aka tuɓe ta kan yi tartsatsi. Kada a karkata ta don a ƙara cusa mai. In zafi ya ƙaru da digiri 20, lita 20 ta fetur ta kan ƙaru da kusan rabin lita, sararin nan na sama kuwa don haka aka bar shi.

Kowace shekara kafin kaka a duba jarkoki, a taɓa fenti inda ya kwaye, a sake robar murfin da ta tsage. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a kwashe amfani lafiya.