BA DA ƘODA GA ƊAN'UWA: GASKIYA DA JITA-JITA

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, jita-jita ta sami doki. Sau da yawa akan ga saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa wai wanda ya ba da ƙodarsa ɗaya ba zai ƙara haihuwa ba, ko kuwa kwanansa ya ƙare. Saboda haka sai ka tarar da majinyaci yana kan injin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, 'yan'uwansa kuwa tsoro ya hana su ko da zuwa gwaji.

Dashen ƙoda dai ba baƙon abu ba ne. Likita Joseph Murray ne ya fara yin nasararsa a Amurka cikin 1954, tsakanin wasu tagwaye, kuma wanda ya ba da ƙodar ya rayu har 2010. A Nijeriya an fara a Legas cikin 2000, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu cikin 2002. Ba a taɓa mai bayarwa sai an auna jininsa, an duba hawan jini da ciwon sukari, an tabbatar ƙodojinsa biyu lafiya suke. Wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki nauyin aikin, haihuwa kuma ba ta yankewa. Amma fa tiyata ce, tana da haɗarinta, kuma wajibi ne mutum ya riƙa ganin likita bayanta.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda cikin 1988 ta halatta bayarwa bisa sharuɗɗa, ta haramta sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki.

Sai dai akwai wata illar, watau matsin lamba. Akan baza hoton majinyaci, jama'a su yi ta zagin danginsa da rashin zumunci, har a rutsa ƙane ko mata su amince don kunya. Kyautar da aka ƙwata ba kyauta ba ce. Sharaɗin farko shi ne yardar mai bayarwa, kuma yana da ikon janyewa har ranar tiyata.

Ma'aikata da ɗalibai, ku ake tambaya a gida. Kafin ku tura saƙo gaba, ku tuntuɓi likita.