Alat Ba Kuɗi Ba Ne: Kati, POS da Tiransifa a Kasuwannin Rurum, Rano da Kibiya

Kafin shekarar 2023, wanda ya sayar da buhun masara ko na shinkafa a Rurum kuɗinsa yake ƙirgawa a hannu, ya cusa a aljihu. Canjin kuɗi ne ya karya wannan al'ada. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Zuwa Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta yi wuyar gani, har mai shayi da mai kayan miya sai da suka nemi lambar asusu. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardun a watan Maris, amma tiransifa ta riga ta samu wurin zama. Yanzu teburin mai POS shi ne bankin ƙauye, OPay, Moniepoint da PalmPay kuma suna cikin wayoyin matasa.

Katin da ake kira katin ATM, ko Verve ne, ko Mastercard, ko Visa, daga asusun mai shi yake ɗebo kuɗi. Idan babu, ba zai biya ba. Katin bashi daban ne: banki ne ke biya, mutum ya mayar daga baya, galibi da kuɗin ruwa. Ba kasafai ake ganinsa a nan ba, kuma maganar ruwan kaɗai ta isa ta sa da yawa su kauce masa.

Inda ɗan kasuwa ya fi cutuwa shi ne wajen alat. Saƙon tes da ke shigowa waya sanarwa ce kawai, ba shi ne kuɗin ba. Ana iya ƙirƙirar saƙo mai kama da na banki sak, ana iya gyara hoton rasit a cikin minti biyu. Kuɗin gaskiya yana bi ne ta tsarin NIP na hukumar NIBSS, wadda ke haɗa bankunan ƙasar, kuma kowace tiransifa tsakanin banki da banki tana da lambarta ta musamman mai alƙaluma 30, wato Session ID. Don haka mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa, ko ya danna lambar USSD (*894# ta First Bank, *737# ta GTBank, *919# ta UBA), ya ga balas ya ƙaru kafin a ɗora buhu a kan babur. Mai saye da ke ta gaggawa yana nuna fuskar wayarsa, wai "ai ka ga ya fita", to ya fita daga wajensa ne, bai shigo ba tukuna. Ya ɗan zauna a benci.

Matsala ta biyu ta netwok ce, kuma ita ba sai da mugu ba. A sa kati a POS, na'ura ta ce bai yi ba, amma a cire kuɗin. Abin da ya faru shi ne bankin mai kati ya amince, amsar ce ta katse a hanya kafin ta iso na'urar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake sa katin nan take, a cire sau biyu. Gara a karɓi rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, a ɗauke shi hoto, domin tawadarsa gogewa take yi, lambar RRN da ke jiki kuwa da ita banki zai bi sawun kuɗin. Ƙa'idar da Babban Bankin ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su warware irin wannan.

Sai batun katin kansa. Alƙaluman da ke gabansa, ranar ƙarewarsa da lambobi uku na bayansa su ake amfani da su wajen sayayya a intanet, saura kawai lambar OTP, wadda 'yan damfara ke kira su roƙa da sunan ma'aikatan banki. Babu bankin da ke kiran mutum ya nemi OTP ko lambar sirri. Duk da haka har yanzu ana ba yaro kati a aike shi wajen mai POS, da lambar sirrin a rubuce a takarda, wani lokacin ma a bayan katin.