Kafin a Ɗora wa Tsohuwar A-Kori-Kura Babban Inji

A harabar gidajen ma'aikata da dama a Kubwa, Lugbe da Nyanya, ba a rasa tsohuwar a-kori-kura a fake a gefe. Wasu sun mallake ta ne a gwanjon motocin gwamnati, wasu kuma sun saya da kuɗin adashi domin hidimar gona a Nasarawa ko Neja. Ita ke kai taki da damina, ita ke dawo da masara da doya da kaka, kuma a kanta ne mai gida ya ɗora rabin lissafinsa na bayan ritaya. Ranar da ta fara tuƙa hayaƙi tana nishi a kan hawa, shawarar da ake yawan ba shi ita ce ya cire injin ya saka wanda ya fi shi girma.

Shawarar tana da daɗin ji, amma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke nutsewa. Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: me ya rage wa motar ƙarfi? Sau da yawa injin ya gaji ne kawai. Ringi ya cinye, kabureta ta toshe, ko kuwa kuloci ne ke zamewa. Bakanike mai gaskiya zai fara auna matsin kowace silinda kafin ya ambaci sauyi. Injin 22R mai lita 2.4, wanda ke cikin tsofaffin Hilux masu shan fetur, ya yi suna wajen juriya, kuma idan aka yi masa gyaran ciki yadda ya dace yakan koma aikinsa na shekaru.

Idan kuwa an tabbatar lodin da ake ɗauka ya fi ƙarfin injin ko da yana da lafiya, zaɓi uku ne suka fi fitowa a kasuwannin kayan gyara irin su Apo a Abuja, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Na farko shi ne 3RZ, mai silinda huɗu da lita 2.7, wanda ke ba da ƙarfin doki kusan 150. Kamfanin Toyota ya ƙera shi ne don irin wannan mota, saboda haka zamansa a cikinta ba ya buƙatar yanka da walda mai yawa. Na biyu shi ne na dizal: 5L mai lita 3.0, ko 1KZ mai turbo. Na uku shi ne wanda ke ɗaukar hankalin matasan kanikawa, wato 1UZ mai silinda takwas da lita 4.0, wanda aka fara fitowa da shi a Lexus LS400 a 1989, mai ƙarfin doki kusan 250.

Kowanne da abin da yake jawowa. Wanda ya tashi daga kabureta ya koma 3RZ ya shiga duniyar ƙwaƙwalwar inji: dole a sayo shi da akwatinta da wayoyinsa cikakku, a kuma saka famfon mai da ke tura fetur da matsi. Inji ba tare da wayoyinsa ba yana nufin makonni a wurin mai gyaran waya. Dizal ya fi jan lodi a ƙananan giya, ya kuma fi tattalin mai, amma ya fi nauyi, kuma an san 1KZ da tsagewar kai idan ya yi zafi fiye da kima, abin da ba a wasa da shi a zafin watan Maris. Shi kuwa 1UZ da giya mai sauya kanta ya zo. Haɗa shi da giyar hannu na buƙatar ƙarfen haɗi na musamman, sabon mazaunin inji, babban lagireto da sabuwar salansa. Kafin a gama, kuɗin kayan haɗi kan iya kamo kuɗin injin.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci. An auna birki, giyabos, furofela da aksil ɗin motar ne da ƙarfin injinta na asali. Idan aka ninka ƙarfin aka bar su yadda suke, mafi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa. Inji mai ƙarfi yana ruɗin direba ya ƙara buhu goma a kan abin da aka saba, domin motar ba ta ƙara yin nishi. Za ta haye Hawan Kibo a hanyar Jos cikin sauƙi, amma a gangarowa inji ba ya tsayar da mota shi kaɗai. Birki da taya ne ke wannan aikin, kuma su ba a ƙara musu komai ba. Duk wanda bai ware kuɗin birki, safirin da tayoyi ba, bai gama lissafi ba.

Sai batun mai. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin fetur, kowace lita ta zama abin lissafi a albashin ma'aikaci. Silinda takwas ba ta sassauta wa aljihu, ko da motar babu kaya. Mai zuwa gona sau biyu a wata na iya jurewa. Wanda ke shiga cunkoson Mararaba da ita kullum zai ji a jikinsa tun kafin tsakiyar wata. Wanda ke da niyyar mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG nan gaba, ya sani injin fetur ya fi na dizal sauƙin juyawa.

Takardu ma ba abin rainawa ba ne. Lambar inji tana cikin bayanan rajistar mota. Idan an sauya, ya wajaba a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, a sanar da ofishin rajistar motoci domin a gyara takardun, a kuma sanar da kamfanin inshora. Ma'aikacin gwamnati da aka tare a shingen bincike da injin da ba a san asalinsa ba, sunansa da aikinsa ne a kan layi, ba motarsa kaɗai ba.

Gogaggun kanikawa kan karkata ga ƙaramin mataki: injin da ya ɗara na da kaɗan, daga kamfani ɗaya, wanda zai auri giyabos ɗin da ke wurin, kuma ake samun kayan gyaransa a Keffi ko Suleja ba sai an aika Legas ba. Ga yawancin tsofaffin Hilux masu fetur, wannan na nufin 3RZ. Ga masu ƙaramin dizal, 5L. Kafin a biya, a nemi a tayar da injin a ƙasa a saurare shi, a duba launin man ciki, a kuma rubuta wa'adin gwaji a jikin rasit. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Motar da ake so ta raka mutum har ritaya, wadda za ta kai gona ta dawo lafiya ce.