Fanshon Malaman Makaranta da Tsarin Mulkin Nijeriya: Misali daga Abuja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda tsarin mulkin Nijeriya ya kare haƙƙin fansho na malamin makaranta, ba tare da ya fayyace inda kuɗin zai fito ba. A Amurka kowace jiha tana da nata kundin, har jihar Ilinoyi ta rubuta a kundinta na 1970 cewa ba a rage fanshon ma'aikaci. A Nijeriya kuwa kundi ɗaya ne, wato na 1999, kuma jihohi ba su da nasu.

2.0 Abin da Kundin Ya Tanada

Sashe na 173 ya kare fanshon ma'aikatan tarayya, sashe na 210 kuma na jihohi. Dukkansu sun ce a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara biyar, ko lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Sai dai ba su ware wani kaso na haraji domin biyan wannan haƙƙi ba. Idan ana so a rubuta irin wannan kaso a cikin kundin, sai an bi sashe na 9: amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai a Abuja, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Hanya ce mai tsawo, kuma kowane gwamna ya san kuɗin da aka ɗaure a kundi ya fita daga hannunsa.

Saboda haka aka bi ta dokokin majalisa. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo tsarin da Hausawa suka laƙaba wa suna "adashen gata", suna da ya dace, domin zubi ake yi kamar na adashi. Dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki.

3.0 Halin da Ake Ciki a Abuja

Birnin tarayya ba shi da majalisar jiha. Majalisar Ƙasa ce ke yi masa doka. Albashin malaman firamare kuwa yana wuyan ƙananan hukumomi shida: Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta cikin birni. A 2025 malaman sun yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Tun da zubin fansho kaso ne na albashi, duk watan da aka biya malami ƙasa da haƙƙinsa, asusun ritayarsa ma ya tawaya.